Layin da Malam Yake So

A bencin tashar mota, wata tsohuwa ta leƙa takardar da ɗalibar da ke gefenta take gogewa.

"'Yan nan, don me kike share lanƙwasar? Ai daidai kika zana. In nisa ya ninka biyu, ƙarfin da duniya ke jan abu da shi sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Dole layin ya lanƙwashe."

"Na sani, Iya. Malam miƙaƙƙe yake so. Wai haka yake a littafinsa."

"To littafin ya sha ƙarya! Na tsufa ina koyar da wannan."

"Bara haka na gaya masa, ya ba ni sifili. Baba ya ce in na sake faɗuwa, ni da makaranta shi ke nan."

"Sai ki zana abin da kika san ba gaskiya ba ne?"

"Iya, wata ba zai faɗo don zanena ba. Ni kuwa gida zan zauna."

Tsohuwa ta dubi takardar. Yarinyar na ƙoƙarin jan miƙaƙƙen layi, rula sai zamewa take yi.

"Kawo in danne miki," in ji tsohuwar.