Ƙafar Fusaina

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Ni ce Ayishetu daga Moshi Zongo.

Ɗiyata Fusaina ƙari ya fito mata a cinya. Dokta ya ce ciwon daji ne. Wai a Turai ana ɗaure ƙafa, a ɗumama magani, a zagaya shi cikin jinin ƙafar kaɗai, amma nan babu. Da na ji ɗumi ne, na dawo gida ina gasa mata da ruwan zafi kamar mai jego. Wata biyu, bai ragu ba.

Ran Litinin za ni dangwala yatsa a takardar asibiti, in yarda a yanke ƙafar. Fusaina ta ce, "Mma, dangwala kawai." Ko kuka ban yi ba. Jama'a, in dangwala?