Baƙuwar Fumfuna a Filin Golf

A tashar motar garin Higüey, Eleuterio mai kula da ciyawar filin golf ya samu wata mai sayar da gwanjo yana zuba mata labari.

"Baiwar Allah, fumfunar da ke cin ciyawarmu ashe dangi-dangi ce. Ta gida tana jin magani. Sabuwar kuwa, masu bincike sun ce jinin Florida ce, a ƙafar wani ta shigo. Manaja ya rantse sai ya kori mai ƙafar."

Ta dubi ƙafarsa. "Takalmin nan naka irin kayana ne. Daga Florida dilar ke zuwa, ko lakar takalman ba a wankewa."

Eleuterio ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin benci.

"Af... kina sayar da silifa?"