Gayyar da Baba Ya Hana Ni Kira

Mai girma shugaban taro, Baba Rabaran, dattawan ikkilisiya, iyayenmu maza masu wannan rana, iyayenmu mata na zumunta, maƙwabtanmu Musulmi da suka amsa gayyata, 'yan'uwana matasa na Surko da na Wurno, har da waɗanda suka hawo babur tun daga Maruta, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji.

Sunana Lailatu Barau. Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ko da yake na san wasu suna mamaki, domin ni ce wadda ko a cikin mawaƙa ba a jin muryarta, ni ce wadda Inna kan aika ɗebo ruwa ta iske ta a gindin mangwaro ta nutse cikin littafin soyayya. To, yau dai za ku ji ni.

Na farko, shaida ce. A littattafan da nake karantawa, namijin kirki yakan zo da mota, da ƙamshin turare, da daɗin baki, kuma na daɗe ina zaton ƙauna ke nan. Babana bai taɓa buɗe baki ya ce yana ƙaunata ba. Shi dai yakan tashe mu addu'a, yakan matsa tayar kekena kafin in tafi makaranta, kuma in muka ɗauko gulmar wani a bakin tuwo, kallo ɗaya yake yi mana mu haɗiye ta. A haka ya rene mu, a haka iyaye da yawa a nan suka reni nasu.

Na biyu, mu matasa mun yi anko, mun ɗinka wa iyayenmu huluna, mun rera musu waƙa. Ya yi kyau ƙwarai. Sai dai umarnin girmama iyaye da muka haddace tun muna ajin Lahadi ba a kan hula ya tsaya ba.

Na uku shi ne mai nauyin. An yi wa babana aiki a asibiti, likita ya hana shi sunkuyawa. Damina ta kankama, dawarmu ta tsiro, ciyawa ta fi ta tsawo. Ni da ƙanwata Turai muna shiga gonar bayan an tashi makaranta, ko rabi ba mu ci ba. In makon nan ya wuce ba a nome ta ba, bana babu abin zubawa a rumbunmu.

Na ce masa, "Baba, a kira gayya mana."

Ya ce, "Ke, rufa mini asiri. Wanda ya kira gayya shi ke ciyar da jama'a. Da me zan ciyar da su, da ƙwayar maganina? Kada in ji zancen nan a coci."

Baba, ga shi ka ji. Ka yafe mini. Kai ka koya mini cewa yin shiru a kan gaskiya ba ladabi ba ne. Kuma ba kai kaɗai ba ne: gonar Baba Dada tana nan haka, ta Baba Haladu ma haka, kowannensu kunyar tukunya ta rufe masa baki.

Don haka ni nake kiran gayyar, ba su ba, tuwon kowa ba ya wuyansu. Ranar Asabar da sassafe mu haɗu a ƙofar majami'a, kowa da fartanyarsa, kowa da goran furarsa daga gidansu. Wanda zai zo ya ɗaga hannu, iyayenmu su gani da idonsu.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da tsawon rai, Allah ya ba mu damina mai albarka, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, hannuwan nan da na gani a sama kuma Allah ya kai su Asabar.

Na gode.