Makullin wuyan moton da ba nawa ba

Salamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, sannu da aiki. Ni ne Habu manomi daga Guna, kuma raina a ɓace nake rubuto maka.

Ranar Alhamis na shigo Damagaram sayar da gyaɗa. Na ajiye motona, wato babur ɗina, a bakin kasuwa, na kulle wuyansa. Da na dawo na zura makulli, ya ƙi juyawa. Na murɗa da ƙarfi, sai ya karye a ciki.

Na kira wani makanike da ke kusa. Ina ciro kart giriz, takardar moton, in nuna masa, ya ce, "Baba, mayar da ita aljihu, ni ba na karatu da guduma." Bugu uku ya yi, wuya ya saki.

Sai ga wani malamin lakwal, wato makarantar boko, a guje yana kiran ɓarawo. Ashe moton nasa ne. Nawa yana can gaba, ja iri ɗaya, a kulle. Ba don masu gyaɗa sun shaide ni ba, da an yi mini jina-jina. Makaniken kuwa ya kwashe kayansa ya sulale.

Laifina na amsa, na ba malamin haƙuri. Amma tir da mai sana'ar da zai fasa makulli bai ko dubi lamba ba. Shi ya sa moto ke ɓata da rana tsaka.

Ina gaida masu gyaɗar da suka cece ni. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Motona yana kulle har yanzu, guntun makulli ke hannuna. A ina zan samu makaniken da zai fara tambayata takarda?