Rahoton Ƙarshe na Sarkin Fada Abdulbaƙi

Da sunan Allah mai rahama, mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Sarkin da mulkinsa ba shi da magaji. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma wakilin Hakimi. Mai girma Dagacin Tsamiyar Kogi, Alhaji Yahaya, Allah ya ja zamaninka. Liman Malam Muhyiddeen da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Masu riƙe da sarautun gidan nan, kowa bisa matsayinsa. Ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan Challawa da Sharada da Bompai, wadda ta shirya wannan zama. Uwargidan marigayi, Hajiya Hajjo, da 'ya'ya da jikoki. Jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Yau kwana arba'in da rasuwar Alhaji Abdulbaƙi Isyaku, Sarkin Fadan Tsamiyar Kogi. An ɗora mini yin magana saboda shekara talatin da ɗaya da muka yi tare a masana'antar fata ta Challawa, shi a ɗakin jima, ni a ofishin ma'aikata. Zan faɗi abin da muka sani game da shi. Bayan haka akwai saƙon da ya bari a hannuna zuwa ga mai girma Dagaci, a kan auren Badi'a, 'yar ƙanin Dagaci, maganar da ke rataye tun kafin ya kwanta ciwo. Na nemi izinin isar da saƙon a wannan zama, an kuma ba ni, ba tare da an tambaye ni abin da ke cikinsa ba.

Ya kasance mutum mai riga biyu, bai kuma taɓa yarda ɗaya ta shafi ɗaya ba. Da safe yana cikin shuɗin kayan aiki da takalmin roba, a gaban babbar gangar da ake juya fata a cikinta. Ranar Juma'a yana cikin rawani a zauren Dagaci. Hajiya Hajjo shaida ce, kayan aikin nan ba su taɓa kwana a ɗakin da rawanin yake ba. Abokan aikinsa ba su bar shi ya huta ba. In an ɗauke wuta, sai ka ji wani daga can ƙarshen ɗaki ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, a ba da umarni wuta ta dawo mana!" Shi kuwa sai ya ce, "Ƙasata ta tsaya a bakin get. Nan ciki talakan injiniya ne ni, kamar ku."

Ya kasance mai riƙe da al'adar gidan nan a kan aure, kuma saboda baƙinmu ya kamata in bayyana ta. A gidan sarautar Tsamiyar Kogi uba ba ya ba da 'yarsa, Dagaci ne ke bayarwa. Masu nema kuma ba sa zuwa wurin Dagaci kai tsaye. Gidan Sarkin Fada suke kai goronsu, a can yake zama, ba ya shiga zauren Dagaci sai in an amince. Sarkin Fada zai bincika abu uku, asali da sana'a da hali. In ya gama, sai ya zo gaban jama'a ya tuɓe takalmi, ya ce a karɓi goro, ko a mayar da goro. Tun zamanin kakanni kuma akwai gidajen sana'a da ba a ba su 'yar gidan nan, gidan majema na cikinsu. Ba mu taru yau don yabon wannan doka ko kushe ta ba. Haka marigayi ya same ta, shekara arba'in da biyu kuma yana riƙe da ita.

Ya kasance mai binciken da ba ya aike. Ya je Haɗeja a kan wani manemi, ya je Maraɗi a kan wani, duk a ranakun hutunsa. Aure sittin da wani abu suka bi ta hannunsa, babu kuma wanda daga baya aka ce ya ɓoye wani aibi ko ya ƙirƙira.

Ya kasance mai faɗin abin da ya gani ko da a kan na kusa da shi ne. A shekarar 1993 Malam Ya'u, wanda ga shi can zaune cikin 'yan ƙungiya, ya kai goron neman Sauda, ƙanwar Dagaci. Shi da marigayi ganga ɗaya suke juyawa, kwano ɗaya suke ci. Marigayi ya bincika, ya tarar mahaifin Malam Ya'u majemi ne na gado a cikin birni, ya zo ya ce a mayar da goro. Ina wurin washegari da aka tashi cin abinci. Malam Ya'u ya ce, "Sarkin Fada, wari ɗaya muke kaiwa gida ni da kai. Ina bambancin?" Marigayi ya ce, "Ni ta ƙofar kamfani na shiga, kai gado ka yi. Ba ni na kafa dokar ba, Ya'u, riƙo aka ba ni." Malam Ya'u ya ce, "To Allah ya ba da ladan riƙo. Matso da kwanon, ka cinye naman." Sun ci gaba da cin abinci tare har suka yi ritaya. Maganar kuwa ba su sake tayar da ita ba, a iya sanina.

Wannan ya kawo ni ga saƙon. Wata huɗu da suka wuce, Zakariyya ɗan Malam Ya'u, mai kula da injinan lantarki a wata masana'antar roba a Sharada, ya aiko da goron neman Badi'a. Ita malamar makaranta ce, an tambaye ta, ta ce tana so. Marigayi ya yi bincikensa ya gama, ciwo ya kwantar da shi kafin ya zo zaure. Bisa al'ada, in Sarkin Fada ya rasu da rahoto a bakinsa, sai an naɗa wani ya sake bincike daga farko, mu kuma duk mun san naɗi ba ya sauri. Goron yana gidansa har yau. Hajiya Hajjo ce ke yayyafa masa ruwa tana sauya ganye don kada ya bushe.

Kwana uku kafin rasuwarsa, bayan la'asar, ya aika aka kira ni. Liman yana wurin, Hajiya Hajjo tana wurin. Ya ce in riƙe maganarsa yadda ya faɗe ta, in kawo ta gaban jama'a, domin rahoto ba a ba da shi a ɗaka. Na ce masa ni ba mai sarauta ba ne. Ya ce, "Shekara talatin kana rubuta wanda ya makara ba ka taɓa ƙara minti ba. Kai za ka kai." Na tambaye shi ko yana nufin ya yi kuskure a kan Ya'u. Ya ce, "Ban ce ba. Wancan na ba da shi ya wuce, Allah ne zai tambaye ni. Wannan ne a gabana."

Ranka ya daɗe, ka yi mini izini in tuɓe takalmi kamar yadda yake yi. Ga maganarsa:

"Ranka ya daɗe, an aike ni, na dawo. Hali, ban sami abin faɗa ba. Sana'a, yana da ita, yana kuma riƙe da ita. Asali, kakansa majemi ne, ban ɓoye ba. Amma na juya na dubi gidanmu. Gonakin da suka ciyar da kakanninmu, katangar kamfani ce a kansu yau. Maza goma sha huɗu na gidan nan daga fata suke ci. Ni kaina fata ce ta ciyar da ni, ta kai ni Makka. Ban ga yadda za mu ci daga hannun sana'a mu kuma hana ta 'ya ba. A karɓi goro."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Liman da Hajiya suna ji, in na ƙara ko na rage su gyara mini.

Ranka ya daɗe, mun san al'ada ba ta taɓa karɓar rahoto daga bakin wanda ba shi da rawani ba. Hukunci naka ne, ka karɓa a matsayin maganar Sarkin Fada, ko ka jira wanda za a naɗa. Mu 'yan aike ne.

Hajiya Hajjo, kin yi haƙuri da warin fata da tafiye-tafiyen bincike shekara arba'in, Allah ya saka miki. Ku 'ya'yansa, mahaifinku ya bar muku suna wanda babu mai jin kunyar ambata, ku riƙe shi. Malam Ya'u, ka rasa abokin kwano, muna yi maka ta'aziyya kamar yadda muke yi wa iyali.

Jama'a, ku ɗan dakata mini. Liman ya raɗa mini yanzu cewa mai girma Dagaci ya ce a kai goron zaurensa bayan sallar la'asar. Allah ya ja zamaninka. Na sauke abin da aka ɗora mini.

Muna godiya ga wakilin Hakimi da mai girma Dagaci da malamai, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Ya Allah, ga bawanka Abdulbaƙi ɗan Isyaku ya zo gare ka ba rawani ba rigar aiki. Ka gafarta masa abin da ya yi daidai a ganinsa alhali kuskure ne a wurinka. Ka yalwata kabarinsa, ka sauƙaƙa masa tambaya, shi da ya ƙare rayuwarsa yana tambaya a kan 'ya'yan mutane. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.