Hannuwan Mahaifiyarsa a Jikin Jaka

A ɗakin jiran likita, wani mai zanen hotuna ya kasa ɗauke ido daga jakar dattijuwar da ke gefensa. A jikinta an buga hoton hannuwa biyu suna zura zare a allura.

"Ɗana, saye za ka yi? Tun ɗazu kake cinye min jaka da ido."

"Mama, ni na zana wannan. Hannuwan mahaifiyata ne, Allah Ya jiƙanta."

"Amin. Sace maka aka yi?"

"Da sata ce ai da sauƙi. A wani shafin intanet na ɗora. Kamfanin da ke da shafin suka jero sharuɗɗa, na danna 'na yarda' ban karanta ba. Ashe na ba su izinin sayarwa ke nan."

"Yardar da ba a karanta ba, yarda ce?"

"Abin da ke cina ke nan. Sun tsawaita ne don kada a karanta, amma yatsana ne ya danna. Ko sunana ba su bari ba."

Ta lalubo biro, ta ɗora masa jakar a cinya.

"Rubuta sunanka da na mahaifiyarka. Wannan kam tawa ce, ba ta kamfani ba."