Na Ɗauko Ɗiyata Saboda Batula

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Malam Liman, manyanmu da suka taso daga ofishin lafiya, Malam Na'iya mijin marigayiya, 'ya'ya da dangi, ina gaisuwa.

Ni ne Ɗangiwa. A aji uku boko ya gan ni ya gudu. An ba ni magana ne don duk garin ga ba wanda ya kai ni ba Malama Batula aiki, 'ya'yana kaf ita ta karɓe su.

Ta kasance ita kaɗai ce asibitinmu. Ita ce mai awon ciki, ita ce mai allura, ita ce mai shara. Ta kasance in magani ya ƙare sai ta hau babur ta tafi roƙo, ta dawo da ƙura da alkawari. Ta kasance ba ta raga wa maza. Ranar haihuwarmu ta fari ina ta zarya bakin ƙofa, ta leƙo ta ce, "Ɗangiwa, kai ka naƙuda ko matarka? Tafi gona!"

To, jaririyar ranar ce yanzu ke da tsohon ciki. Tambuwal take aure, kusa da babban asibiti. Na je na ɗauko ta goyon ciki, kamar yadda aka saba, haihuwar fari gidan iyaye. Mijinta Mannir ya ce, "Baba, a bar ta nan kusa da likita." Na ce, "Yaro, muna da Batula."

Sai Allah ya karɓi Batula. Ruwa ya cinye hanya. Asibiti na kulle, awaki ke kwana a barandar. An ce za a turo wata. Haka aka ce lokacin da Batula ta nemi mataimakiya, har ta tsufa tana jira.

Malam Na'iya, ku yi haƙuri. Kun rasa uwar gida, mu mun rasa inda za mu buga ƙofa.

Manyanmu, na ga motarku can ƙetaren rafi, da ƙafa kuka ƙaraso. Mai naƙuda ba ta iya wannan. Kun san ba a faɗin sunan 'yar fari, ban taɓa faɗin nata ba. Yau zan aje kunya, don in an kawo muku labari ku san ko wace ce. Sunanta Rukayya.

Na gode. Allah ya gafarta wa Batula, ya haskaka kabarinta. Allah ya sauki Rukayya lafiya, don ya Allah, bayan kai ba kowa bakin ƙofar. Amin.